Ɗan Sintirin Da Ke Cikin Jininmu



Yau zan yi muku bayani ne a kan wani furotin da hanta ke ƙerawa ta zuba cikin jini. Masana suna kiransa lektin mai kama manos, ko MBL a taƙaice.

Aikinsa irin na ɗan sintiri ne. Ƙwayoyin cuta da yawa suna da wani irin sukari jere a jikinsu, wanda ake ce wa manos. Da zarar lektin ya ci karo da wannan sukari sai ya maƙale masa, ya ta da waɗansu furotin na jini, su kuwa su lulluɓe ƙwayar su yi mata alama, har fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye ta. Ba sai ya taɓa sanin cutar ba kafin ya gane ta.

A 1978 ne masana a Japan suka fara fitar da irinsa daga hantar zomo. A 1989 kuma likitoci a Landan suka nuna cewa waɗansu yaran da jininsu ke kasa yi wa ƙwayar cuta alama, ƙarancin wannan lektin ne sanadi. Ƙarancin nan gadonsa ake yi daga iyaye, kuma binciken da aka yi a Gambiya ya nuna ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma.

To, kada hankalin kowa ya tashi. Galibin masu wannan ƙaranci lafiyarsu lau, domin jiki yana da waɗansu mayaƙan. Inda abin ya fi ciwo shi ne ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 2, watau lokacin da kariyar da ya samu tun yana cikin uwarsa ta fara ƙarewa, tasa kuwa ba ta ƙosa ba. A nan ne ciwon kunne da na ƙirji kan yi ta komo masa.

Saboda haka, iyaye, a ba jariri nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayar da shi har shekara 2. A cika masa allurar rigakafi duka. In an ga ciwo yana ta maimaituwa, kada a ce maita ce ko iska. A kai shi asibiti, a gaya wa likita sau nawa ya kwanta.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya. Wassalam.