Amsar Wasiƙunku: In Sayi Had-dis Na Hannu Ko In Haƙura?

Yau wasiƙa biyu ce a gabanmu, amma ta farko ita za ta cinye mana lokaci, domin mai ita kuɗinsa na aljihu, jira kawai yake ya ji ta bakinmu ya hau mota zuwa Kano.

Wasiƙar ta fito daga wani saurayi a ƙasar Gumel. Yana da rumfar cajin waya a kasuwar garinsu, yana kuma tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a memori. Ban da haka shi ne mai ɗaukar hoton biki da suna a ƙauyukan kewaye, kuma lissafin bashin mahaifinsa, mai fataucin gero da wake, duk yana cikin kwamfutarsa. To, kwamfuta ta cika. Ga abin da ya ce: "Wani ya yi mini tallar had-dis na hannu mai cin tera 8, a kan kusan rabin kuɗin sabo. Ya ce daga wani babban kamfani na ƙasar waje aka ciro shi, an gyara, kuma wai ya fi irin na gida ƙarfi. Ina so in kwashe komai nawa in zuba a ciki in huta. Gaskiya ne, ko cutata za a yi?"

To ƙanena, mun gode da wannan tambaya. Amma bari mu fara da iyayenmu da ke sauraro, kada mu bar su a baya. Shi had-dis shi ne rumbun kwamfuta. Ɗan akwatin ƙarfe ne kamar tafin hannun babban mutum. A cikinsa akwai faya-fayai a jere suna juyawa, da wani ɗan hannu mai kai da komo a kansu, kamar allurar garmaho ga wanda ya riski garmaho. Bambancin shi ne wannan allura ba ta taɓa faifan, shawagi take yi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ko kusa ba ta kai kaurin silin gashi ba. Irin wanda aka yi wa wannan yaro talla yakan juya sau 7,200 a minti ɗaya, wato sau 120 a daƙiƙa ɗaya. Tera 1 kuma giga 1,000 ce, saboda haka tera 8 daidai take da memori 250 masu giga 32. Ba ƙaramin rumbu ba ne.

Yanzu ga maganar mai talla. Akwai gaskiya a cikinta. Manyan kamfanoni irin su Google da Facebook da bankuna, a Amurka da Turai da ƙasar Sin, suna da zaurukan da ba kowa a ciki sai dubban waɗannan na'urori, suna aiki dare da rana ba hutu. Don irin wannan wahala aka ƙera su, kuma masu ƙera su, waɗanda yau saura uku a duniya, Seagate da Western Digital da Toshiba, sukan ba su garantin shekara 5. In wa'adi ya zo ƙarshe, ko an samu masu cin kaya fiye da su, sai a ciro su. Da yawa farfasa su ake yi don kada asirin mutane ya fita. Sauran a goge, a sayar wa dillalai a tara, daga nan su bazu duniya har su iso mana.

Inda zan tsaya da shi shi ne wannan kalma ta "an gyara". Iri biyu ne. Akwai wanda ya koma hannun kamfanin da ya ƙera shi, aka gwada, aka sake liƙa masa takarda, za ka ga an rubuta Recertified a jiki. Wannan da dama-dama. Akwai kuma wanda dillali ne ya share masa ƙura, ya goge abin da ke ciki, ya sa shi a sabuwar leda. Shi ma "an gyara" ake ce masa. Ka sani ba wani bakanike a kasuwa da zai buɗe had-dis ya sabunta masa ciki. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata faifai, wasu manyan ma iskar hiliyom ce aka ɗura musu aka toshe, tun daga shekarar 2013 aka fara yin irinsu. Saboda haka shekarun da ya yi yana juyi suna nan a jikinsa, ba mai mayar da su.

Ku manoma kun fi ni sanin wannan. In ka je sayen san huɗa, ba ƙyallin fatarsa kake dubawa ba, bakinsa kake buɗewa ka ga haƙora. To shi ma had-dis yana da haƙora. Yana riƙe da lissafin kansa, wanda ake kira SMART: awa nawa ya yi a kunne, sau nawa aka kunna shi, wurare nawa suka lalace a faifansa. Akwai wata manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, masu gyaran kwamfuta sun san ta. Ka ce a jona had-dis ɗin a gabanka a buɗe ta. In ta nuna shuɗi, lafiya. In ruwan ɗorawa ne ko ja, ka mayar da kuɗinka aljihu ko da kyauta-kyauta ake sayarwa. Sannan ka sa a nuna maka layuka uku masu lamba 05 da C5 da C6, waɗanda ke ƙirga gurabun da suka ɓaci ko suke shirin ɓaci. Sifiri ake so a gani a ƙarshen kowane layi. Sai awoyi. Da ina koyarwa a firamare nakan sa yara su yi wannan lissafi: awa 24 sau kwana 365, awa 8,760 ke nan a shekara. In ka ga 26,000, shekara 3 ya yi yana noma. In ka ga 44,000, ya haura 5, farashinsa ya kamata ya faɗi daidai da tsufansa.

Amma fa a kula. Yadda ake mayar da mitar motar tokumbo baya, haka ake yi wa wannan lissafi. A farkon shekarar 2025 wata kafar labaran kwamfuta a Jamus, heise, ta fallasa cewa an sayar wa mutane da yawa had-dis na Seagate a matsayin sababbi fil, lissafinsu na nuna ba su taɓa aiki ba, alhali wani lissafi na biyu da ke ɓoye a ciki, mai suna FARM, ya nuna sun yi dubban awoyi. Ba kamfanin ne ya yi wannan aika-aika ba, 'yan tsakiya ne. To in an yi wa Bajamushe haka a shago mai rasit, ina ga ni da kai? Saboda haka ka dubi ranar ƙira da ke rubuce a takardar jikinsa. In ta ce 2018, lissafi kuma ya ce awa 10 kacal, ka san akwai lauje cikin naɗi. Ni na fi yarda da mai kayan da ya ce mini "shekara 4 ya yi" a kan wanda ya rantse mini ba a taɓa kunnawa ba.

Wani tarkon kuma, wanda ba ha'inci ba ne, rashin sani ne. Bakin jona waɗannan na'urori iri biyu ne, SATA da SAS. Kwamfutar gida SATA take ɗauka. SAS na manyan injina ne, shi ya sa yakan fi araha, kuma shi ya sa ake sayensa a kai gida a rasa yadda za a yi da shi. Ka karanta takardar jiki. In ba ka gane ba, dubi bakin: na SATA akwai 'yar giɓi tsakanin haƙoransa gida biyu, na SAS a haɗe suke. Sannan wannan babban had-dis ba irin ƙaramin nan ne na aljihu da igiyar USB kaɗai ke tayar da shi ba. Yana bukatar wuta bolt 12 daga adafta tasa, da akwatin da za a zaunar da shi. Ka sa kuɗinsu a lissafi kafin ka ce ka yi araha.

In duk wannan ya yi daidai, saura ciniki. Garantin da ke ƙasar waje ba ruwansa da kai, kuɗin aika shi can ma ya isa ya sayi wani. Garantinka shi ne mai shagon. Ka sayi a wurin mai shago zaunanne, ba mai yawo da jaka ba, ku yi yarjejeniya a rubuce gaban shaida cewa in ya nuna aibi cikin mako ɗaya ko biyu za ka dawo da shi. A rubuta lambar jikinsa a rasit, don kada gobe a ce ba shi ba ne. Ka isa gida, kada ka zuba masa komai tukuna. Sa a yi masa cikakken fomat, ba na gaggawa ba, wanda zai bi faifan tun daga farko har ƙarshe. Na tera 8 yakan ci awa 12 ko fiye, don haka ka tanadi mai ko batir. In ya gama, a sake duba layukan nan uku. In sun motsa daga sifiri, kama hanyar Kano.

Ka tuna kuma daga inda ya fito: ɗaki mai sanyi, ba ƙura, wuta ba ta ƙiftawa. Kai kuma rumfar kwano za ka kai shi, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga janareta mai tari. Ka sa masa 'yar fanka, kada ka lulluɓe shi da tsumma yana aiki. Ka samu UPS ko batirin sola a tsakaninsa da janareta. Kada ka ɗaga shi ko ka ture shi yana juyi, in kuwa za ka ɗauke shi a babur, kashe shi, naɗe shi a soso.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarka, inda ka ce za ka kwashe komai ka zuba a ciki ka huta. A'a, ƙanena. Nan ne ba zan bi ka ba. Akwai wani kamfanin ajiya a Amurka, Backblaze, da ke fitar da lissafin had-dis ɗinsa tun 2013. A cikin kowane 100, ɗaya zuwa biyu ke mutuwa a shekara, kuma tsofaffi sun fi mutuwa. Wannan a ɗakin sanyi ke nan. Sau da yawa kuma ba ya sallama, jiya lafiya, yau sai ƙas-ƙas-ƙas.

Ni ganau ne. Shekarun baya na zaga ƙauyuka ina ɗaukar hirar tsofaffi, maƙera da masaƙa da ungozomomi, har da muryar mahaifiyata tana ba jikokinta tatsuniya. Duk na tara a had-dis guda, sabo ma na saye shi. Wata safiya ya ƙi tashi. Na kai wurin masu gyara uku, ba abin da ya fito. Yawancin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya, ita ma haka. Kuɗin had-dis ɗin ban ƙara tuna shi ba.

Don haka ka raba kayanka gida biyu. Fina-finai da waƙoƙi, in sun ɓace za ka sake samu wurin abokan sana'a, asarar 'yan kwanaki ce. (Maganar haƙƙin masu fim ɗin kuwa, wannan sai wata rana, ina da abin faɗa.) Waɗannan zuba su a had-dis na hannu, ba laifi. Amma hoton bikin 'yar mutane ba a sake ɗaukarsa, kuma in lissafin bashin Baba ya tafi, masu bashin ba za su zo su tuna maka ba. Irin waɗannan a wuri biyu ake ajiye su, uku ma ya fi, kuma ba a ɗaki ɗaya ba, saboda ɓarawo da gobara. Da ni ne kai, maimakon tera 8 guda ɗaya, sai in sayi tera 4 guda biyu. Ɗaya a rumfa yana aiki, ɗaya a gida cikin akwati, duk ranar kasuwa da yamma in kwafe sabon abu a kansa in cire shi daga wuta. Nan ne arahar na hannu take da amfani, tana ba ka ikon mallakar biyu. Shi kuwa lissafin bashi bai fi cikin cokali ba: tura kwafinsa a wayarka, kuma kada Baba ya jefar da littafinsa na takarda. Ranar da ka ji had-dis yana ƙara irin wadda bai saba ba, kashe shi nan take. Kada ka buɗe, kada ka bubbuga, kada ka sa shi a firji kamar yadda wasu ke faɗa.

Wasiƙa ta biyu gajeriya ce, daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi. Ya ce ya sayi had-dis an rubuta tera 4, kwamfuta ta nuna masa 3.63, shin an tauye masa mudu ne? Alhaji, kwantar da hankalinka, ba a tauye ba. Masu ƙira suna awo da 1,000, ita kuwa Windows da 1,024 take awo, kamar tiyar wannan kasuwa da ta waccan. Tera 1 takan nuna giga 931, tera 4 kuma 3.63, haka yake ko'ina a duniya. Abin tsoro shi ne na jabu, akwatin da aka rubuta tera da yawa a kan kuɗin goro, a ciki kuwa ɗan memori ne da guntun ƙarfe don ya yi nauyi. Shi ma gwajinsa ɗaya ne, a cika shi da kaya maƙil, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe a ga ko suna nan.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya a kan batirin sola daga Ɓaure, wasiƙarka ta iso, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.