Masu Kwana A Tasha Da Rumfar Kasuwa: Kora Ko Masauki?

 

Maganar da za mu yi yau ta shafi bayin Allahn nan da muke tararwa da asuba kwance a barandar masallaci, ko cikin rumfunanmu na kasuwa, ko a kan bencin tasha. Wasunmu na cewa a kai kuka ga hukuma ta kwashe su, a huta. To, kafin mu yanke shawara, bari mu duba daga ina suke zuwa, kuma mene ne doka ta ɗora wa hukuma a kansu.

Garam dai kowa ya sani bakin iyaka take, ga Bwari nan kusa da mu. Tun da aka dawo da gwamnatin tarayya Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, duk wanda birnin ya tunkuɗo, a ƙasar Suleja ko Mararraba yake faɗowa. Rusau ɗin da aka yi zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, daga 2003 zuwa 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, sun turo jama'a masu yawa Zuba da Madalla da Suleja da nan wajenmu. A watan Oktoba na 2024 kuma Minista Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adi su bar titunan Abuja, aka shiga kame. Wasu a kan kai su cibiyar gyaran hali da koyon sana'a ta Kuchiko, wadda ba ta da nisa da mu, wasu a mayar da su jihohinsu. Jama'a, shara in an share ta daga ɗaki ba ɓacewa take yi ba, tsakar gida take komawa. Mu ne tsakar gidan.

Sa'an nan ba dukansu ne mabarata ba. Akwai leburan gini da ya zo cin rani, akwai ɗan dako, da mai yankan farce, da ɗan ga-ruwa, waɗanda ke yini suna neman halaliyarsu amma kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Akwai almajiri. Akwai wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensa a Shiroro ko Zamfara. Akwai kuma mai taɓin hankali, wanda asibiti yake bukata. In aka haɗa su duka aka kira su 'yan iska, an yi zalunci.

Ba ma raina tsoron da jama'a ke ji. Ba mu manta da hare-haren masu garkuwa da mutane a Garam a ƙarshen 2023 da farkon 2024 ba, kuma gaskiya ne ɓarawo kan aiko ɗan leƙen asiri cikin rigar baƙo. Amma ku duba: wanda aka kora daga barandar masallaci, inda fitila take kuma ido ke ganinsa, ina zai nufa? Kango zai shiga a bayan gari, inda ba wanda ya san sunansa balle abokin hirarsa. Wato kora ba ta ƙara mana tsaro, ɓoye mana mutum kawai take yi.

Yanzu ga abin da doka ta ce. Tun 1989, zamanin Janar Babangida, aka soke laifin nan na yawon banza da ake kama talaka da shi. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so cikin ƙasar, kuma wannan sashen ne mu ma muke fakewa da shi a nan. Bugu da ƙari, jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya ɗora mata kula da kasuwa da tasha da maƙabarta, har da gina gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Ashe ke nan hukumar da ke yankar mana rasit a kasuwa, ita ce doka ta ce ta tanadi makwanci. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, saboda haka muna da bakin tambaya.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, Kotun Ƙolinsu ta yarda a 2024 cewa gari na iya hukunta mai kwana a fili. To, wanda bai da kuɗin ɗaki, da me zai biya tara? Ƙasar Finland kuwa tun 2008 ta ɗauki hanyar fara ba mutum ɗaki tukuna, kuma marasa gida sun ragu ƙwarai.

Mu Hausawa ba sai an koya mana wannan ba. Daga Sabon Ibadan har zangon Kumasi, fatake a zauren maigida suke sauka, shi ne zai san baƙonsa, shi ne kuma zai tsaya masa in magana ta taso. Masallacin Madina kansa yana da Ahlus Suffa, sahabban da ba su da gida, irin su Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi. Matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Kuma kada mu manta, da yawanmu da jaka ɗaya muka sauka a garin nan, Gbagyi masu ƙasa suka ba mu wuri.

Saboda haka muna kawo shawara uku. Na farko, mu naɗa wakilai su je sakatariyar Ƙaramar Hukumar Tafa a Sabon Wuse, da takarda a hannu, tare da yardar hakimi da masu unguwanni, su nemi fili ko ɗakuna kusa da tasha, da makewayi da ruwa. Na biyu, a buɗe littafi a wajen Sarkin Hausawa: duk baƙon da zai kwana a rubuta sunansa, da garinsu, da sana'arsa, da wanda ya tsaya masa, 'yan banga su san da shi. Na uku, mu 'yan kasuwa mu ware wani abu daga zakka da kuɗin ƙungiya don tabarmi da bargon hunturu, da kuɗin motar wanda ke son komawa gida. Yaro almajiri kuwa a nemo malaminsa, a tuna masa amanar da iyaye suka ba shi.

In ba mu tsara abin da kanmu ba, wata rana motar kame za ta zo, kuma ba za ta tsaya tantance leburan kirki da ɓarawo ba. Sunan Hausawa gaba ɗaya zai ɓaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.