Suna da Tambari Ba Ado Ba Ne

Sharhinmu na yau kan ƙungiyoyin raya al'adu ne a ƙasar Yawuri, da sunan da suke ɗauka, da tambarin da suke mannawa.

Mu fara da suna. Hausawa na cewa Gungawa, wato mazauna tsibiran Kogin Kwara. Su kuwa Bareshe suke kiran kansu, harshensu Tsureshe. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya ci tsibirai da dama, aka tashi jama'a zuwa tudu. Ƙungiyar da ta ɗauki ɗaya daga cikin sunayen nan, tarihin wannan ƙaura ta ɗauka.

Sai tambari. In kun zana kwalekwale, ku san labarin Rigata, bikin kwalekwale na Yawuri. In kun zana dorina, ku san yadda kakanni suka yi artabu da ita. In ƙungiyar ta masarauta ce baki ɗaya, Kambarin Ngaski da Shangawan Shanga su ga kansu a ciki.

Matasa, ku tambayi dattawa kafin ku je wurin mai zane. Ku tambaya tun suna raye.