Rediyo Ba Ya Jiran Hanya Ta Gyaru

Wannan shi ne jawabin da wani jami'in ilimin manya ya gabatar wa malaman azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. An buga shi a nan domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Kowa a wannan yanki yana tune da watan Satumba na shekarar da ba za a manta ba, wato 2021. A farkon wannan wata hukuma ta ba da umurni aka katse layukan wayar salula a duk faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An maido wa Gusau nata layin a farkon Oktoba, amma ƙauyuka sun yi makonni da yawa bayan haka wayoyinsu na kwance kamar duwatsu. Mai son gaida ɗansa sai ya yi tafiya zuwa wata jiha. A waɗannan kwanaki, abin da ya ci gaba da magana a zaure da tsakar gida shi ne akwatin rediyo.

Dalili kuwa mai sauƙi ne. Wayar salula tana buƙatar ƙarfen sabis a kusa da ita. In aka kashe shi ko aka lalata shi, magana ta ƙare. Rediyo kuwa daga nesa yake zuwa, kuma iri uku ne. Tashar FM muryarta garau take, amma ba ta nisa, dutse ma kan tare ta. Matsakaicin zango ya fi ta nisa, musamman da dare. Gajeren zango kuwa sama yake tafiya ya dawo ƙasa, shi ya sa mutumin Faru ko Yarkofoji zai ji magana daga wata nahiya. Saboda haka mai sayen rediyo ya duba ya ga yana da zangunan nan uku kafin ya biya kuɗi. In an sami mai aiki da hasken rana, an huta da kuɗin batir.

Bahaushe ya daɗe da sanin rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ta sami gidan rediyonta a Gusau. Amma duk waɗannan daga birni suke magana. Ba su san wace rana ruwa zai iso wata kadada a Bakalori ba, ba su san nawa aka sayar da buhun shinkafa a kasuwar Talata Mafara ranar Talata ba.

Wannan giɓi shi ne ƙaramar tashar al'umma take cikewa. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga sun gwada. A 1999 aka buɗe wata ƙaramar tasha mai aiki da hasken rana a garin Bankilare, daga nan irinta suka bazu a karkarar ƙasar, mutanen gari ne ke tafiyar da su da harshensu. A Nijeriya sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisin tashoshin al'umma guda 17. Neman lasisi yana bi ta Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, kuma aiki ne na ƙungiya mai rajista, ba na mutum ɗaya ba. Yankin da yake da dam irin na Bakalori, wanda aka kammala a 1978, da kwalejin aikin gona a Bakura, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ba zai rasa masu abin faɗa ko masu gyaran na'ura ba.

To, kafin a kai ga tasha, akwai abin da kowane aji zai iya farawa a wannan mako, wato ƙungiyar masu sauraro. Ba sabon abu ba ne. Manoman Kanada sun fara shi a 1941, aka kai shi Indiya a 1956, sannan Gana a 1964. Tsarinsa shi ne a saurara tare, a tattauna, a aikata.

Na farko, aji ya zaɓi shiri ɗaya a mako, na noma ko kiwo ko lafiya, a taru a kansa. Na biyu, a naɗa ɗalibi ɗaya ya rubuta abin da aka ji: sunan maganin feshi da ma'auninsa, ranar rigakafin yara, hasashen saukar damina. Nan ne karatu yake nuna amfaninsa, domin rediyo sau ɗaya yake faɗa ya wuce, takarda ce take riƙewa. Manomin da ya ji murfi biyu ya tuna murfi huɗu, shukarsa ce za ta ƙone. Na uku, abin da ba a gane ba a rubuta shi a wasiƙa, malami ya kai wa malamin gona ko ya aika gidan rediyo. Azuzuwan mata su ma su yi nasu a cikin gida, don uwa ce take fara ganin zazzaɓi a jikin yaro.

Akwai gargaɗi biyu. Ba duk abin da aka ji ne gaskiya ba. In labari ya shafi rai ko dukiya, a jira a ji shi daga tasha ta biyu, ko a tambayi hakimi ko ma'aikacin asibiti, kafin a yaɗa shi. Jita-jita ɗaya tana iya tayar da ƙauye cikin dare, tsofaffi da masu ciki su kwana a daji a banza. Sannan a tuna rediyo ba shi da ƙofa. Yadda mutumin kirki yake ji, haka mugu yake ji. Mai aika gaisuwa ko kiran waya a cikin shiri kada ya faɗi ranar da ayari zai tashi, ko hanyar da za a bi, ko inda aka ajiye amfanin gona da dabbobi.

Ana roƙon kowane malami ya zo taro na gaba da littafin ajinsa, a ga shirye-shirye nawa aka saurara, da tambayoyi nawa aka aika. Da waɗannan littattafai ne za a iya zuwa gaban shugabanni a nuna musu cewa jama'a a shirye suke da tasha tasu.

Allah Ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka.