Gandun Fain da Abincinsa: Daga Dashe zuwa Sara



Wanda ya taɓa shiga gandun dajin Afaka, kusa da Kaduna, ya ga wasu dogayen itatuwa a jere, masu ganye kamar tsinke. Su ne fain, irin da masana ke kira Pinus caribaea, kuma asalinsu Amurka ta Tsakiya ne da tsibiran Karibiyan. An dasa su ne domin katako. Abin da muke so mu duba yau shi ne yadda gandu irin wannan yake ci da kansa yayin da yake tsufa.

A shekarun farko dashe ba shi da madogara sai ƙasa. Yana gina ganye da saiwa, yana kokawa da ciyawa, ga shi ƙasarmu ta ƙarancin fosforas ce. Fain kuwa ba ya yin kirki sai da wani irin funfuna mai manne wa saiwarsa, yana jawo masa abinci. Shi ya sa masu renon dashe sukan ɗebo ƙasa daga tsohon gandu su zuba wa sabon iri. A wannan lokaci ne taki ya fi amfani.

Da zarar rassa sun haɗe, inuwa ta kashe ciyawa, sai al'amari ya sauya. Kafin tsohon ganye ya faɗi, itacen yakan janye wani kaso na naitirojin da fosforas da ke cikinsa, ya mayar ga sabon toho. Abin da ya faɗi ƙasa ya ruɓe, saiwa ta sake sha. Sai dai ganyen fain akwai taurin kai, ba ya ruɓewa da wuri, balle cikin rani. Yakan taru ya yi shimfiɗa mai kauri, abinci na ciki a kulle, itacen na tsaye a kansa yana jira. Ƙarin katakon da gandu ke yi duk shekara yakan kai ƙololuwa bayan haɗewar rassa, daga nan ya riƙa raguwa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar sara. Katako kansa abinci kaɗan yake ɗauke da shi. Ganye da ɓawo da ƙananan rassa sun fi shi nesa ba kusa ba. A 1966 aka ba da rahoto daga Kudancin Ostireliya cewa dashe na biyu na fain ɗinsu, Pinus radiata, bai kai na farko girma ba. Daga baya aka gane cewa ƙone tarkacen sara a ƙasa mai yashi, tare da ciyawa, su ne manyan masu laifi, domin naitirojin yakan bi hayaƙi. Da suka bar ƙonawa, suka yi maganin ciyawa, suka sa taki, girman ya dawo.

Mu kam, a ƙasar da wutar daji ke tashi duk hunturu, muna ganin wanda za a ba amanar gandu ya fara tambayar inda ganye da ɓawo za su kwana bayan sara, kafin ya sa hannu a takardar mai sayen katako.