Shirin Lafiya Jari: Maganin Gigin Tsufa, Ina Aka Kwana?



Yau maganarmu a kan dattijon nan ce da ya san kowace saniya da sunanta, amma yanzu ya manta sunan jikansa, ko ya fita sallar asuba ya kasa gane hanyar gida. Wasu su ce maita ce, wasu su ce iska. To, ku ji da kyau, ciwon ƙwaƙwalwa ne. Mafi yawansa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, kuma akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ne ɗan aike tsakanin jijiyoyi. Da ya isar da saƙo, sai wani sinadarin ya zo ya narkar da shi. Mai wannan ciwo 'yan aikensa sun yi ƙaranci, don haka masana suka ce bari a sa wa mai narkarwar dabaibayi, ɗan abin da ya rage ya ƙara jimawa yana aiki.

Maganin farko, tacrine, ya fito a Amurka a 1993, amma yana taɓa hanta, aka bar shi. Sai donepezil a 1996, daga baya rivastigmine da galantamine. Ba sa warkarwa, sauƙi kawai suke kawowa na wani lokaci. An kuma gwada toshe wani sinadarin daban da ke haifar da dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, amma aka dakatar da gwajin maganin verubecestat saboda bai amfanar ba. Har yanzu ana haɗa sababbi ana gwadawa.

Makiyaya, ga inda abin ya shafe ku. Fiya-fiya da wasu magungunan kaska na wankan shanu, wannan sinadarin mai narkarwa suke kamawa su ma. Bambancin shi ne, na likita an auna shi, dabaibayi ne da ake kwancewa. Na ƙwari kuwa ɗaurin kawo-wuƙa ne. Shi ya sa wanda ya shaƙe shi da yawa yake dalalar da miyau, ya yi ta gumi, numfashi ya sarƙe. Ku rufe hanci da hannu wajen wankan dabbobi, kuma kada a zuba shi a kwalbar abin sha.

'Yan kasuwa kuma, kada ku sayo wa tsoho "maganin mantuwa" a faranti ko bayan mota. Ko na gaskiyar yana iya kawo amai da zawo, ya rage bugun zuciya. A kai shi asibiti a duba, don wata mantuwar tana da wani dalili da ake iya magancewa.

Idan ya maimaita tambaya sau goma, ku amsa masa sau goma. Kada a bar shi ya bi garke shi kaɗai.

Allah Ya ba mu ikon riƙe iyayenmu. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.