Kalmar "Sala": Zaure a Sifen, Tsibiri a Latbiya



Kalma ɗaya tak muka zo da ita yau, watau "sala". A Sifaniyanci, da kuma Katalan, harshen mutanen Basalona, ma'anarta babban ɗaki, kamar zauren nan da muke ciki. Amma in aka nausa arewa maso gabashin Turai, ƙasar Latbiya da ke bakin tekun Baltik, "sala" tsibiri ne. Mai gaggawa sai ya ce ai uwa ɗaya ta haife su, har ya ƙago dalili: wai zaure bango ya kewaye shi, tsibiri kuwa ruwa. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta da tushe. Irinta ce muke ji a ɗakunan kwananmu, inda ake ɗaura wa harsuna zumunta saboda kalmomi biyu sun yi kama. In haka ne, ai da "salla" tamu ma ta shiga dangin, alhali kowa ya san daga Larabci take.

Ko da yake Latin ce ta haifi Sifaniyanci da Katalan, "sala" ba gadonta ba ce. Aro ce daga ƙabilun Jamusawan dā, kuma daga wannan tushe Faransanci ya sami "salle", Jamusancin yau kuma yake da "Saal". Ta Latbiya kuwa tsohuwar kalma ce ta yankin Baltik. Maƙwabtansu na Lituweniya ma haka suke kiran tsibiri. Tana nan cikin sunayen wurare: Salaspils, watau ganuwar tsibiri, da Zaķusala, tsibirin zomaye, a kogin Daugava, inda hasumiyar talabijin ta Riga mai tsawon mita 368 take.

To, abin mamaki shi ne, lalle "sala" ta Sifen tana da 'yar'uwa a Latbiya, sai dai ta sake kama. Jamusawa suka kafa birnin Riga a 1201, harshensu ya zama na masu mulki da fatake ɗaruruwan shekaru. Daga bakinsu mutanen ƙasar suka ari "Saal", ta zama "zāle", ma'anarta zaure. Can ta tarar da wata "zāle" 'yar gida mai nufin ciyawa, ga su nan tare har yau.